Mutanen Latino a Amurka: yawa ya kai, me ya hana kujeru su kai?

Tambaya daga wata malamar makarantar sakandare a Zariya: "Ina bin labaran Amurka, kuma na sha jin ana cewa mutanen da asalinsu daga Meksiko da sauran ƙasashen Latin Amurka, waɗanda ake kira Latino ko Hispanik, suna kukan ba su da wakilci a ƙananan hukumomi da makarantu. Abin ya ɗaure mini kai. Idan har suna da yawa kamar yadda ake faɗa, me ya hana su zaɓi nasu? Kuma me ya haɗa makaranta da zaɓe?"

Amsa:

Malama, yawa kam suna da shi. Ƙidayar 2020 ta same su miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar. A makarantun gwamnati na jihohin Teksas da Kalifoniya 'ya'yansu sun haura rabin ɗalibai. Sai dai yawan jama'a daban, yawan masu ƙuri'a daban, kuma ko ƙuri'ar ta samu, yadda aka yanka gari kafin a ƙirga ta shi ne yakan raba gardama.

Bari in fara da ɓangaren tambayarki na biyu, don shi ne ya fi baƙunta ga wanda ya saba da tsarinmu. A Najeriya ba wanda ya taɓa ba ki takardar ƙuri'a ki zaɓi sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Naɗa shi ake yi. A Amurka akwai gundumomin makarantu sama da 13,000, kuma mafi yawansu mutanen yankin ne ke zaɓen 'yan hukumar da ke kula da su, galibi mutum biyar, bakwai ko tara. Wannan hukuma ce ke ɗaukar babban shugaban makarantun gunduma, ita ke sallamarsa. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ta yanke unguwar da za a gina sabuwar makaranta da wadda za a rufe, ta shata iyakar da ke cewa yaron wannan layin ga makarantar da zai je. Kuɗin ma kaso mai tsoka daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. To, uwar da ɗanta bai iya Turanci ba, tana son a samo malamin da ke jin Sifaniyanci, a gaban waɗannan mutum bakwai za ta tsaya. Idan babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa taka unguwarta, kin ga inda kukan ya samo asali.

Kukan kuwa ba na yau ba ne. A garin Crystal City da ke kudancin Teksas, garin manoman alayyafo, yawancin ɗalibai 'yan asalin Meksiko ne, amma ana hukunta yaro idan ya yi Sifaniyanci a harabar makaranta, kuma a rukunin 'yan matan da ke yi wa 'yan wasan makaranta kirari guri ɗaya kacal ake ware musu. A Disambar 1969 ɗalibai suka fice daga azuzuwa, iyaye suka mara musu baya. Da bazarar 1970 sabuwar jam'iyyarsu, La Raza Unida, ta tsayar da 'yan takara ta ci kujeru a hukumar makarantu, jagoransu José Ángel Gutiérrez ya zama shugabanta. Abin da ya fara da gurin kirari ya ƙare da sauya masu riƙe da makullin makarantar.

Yanzu ga lissafin da ke rage musu ƙarfi. Al'umma ce mai yawan yara, da yawa ba su kai shekara 18 ba. Cikin manya kuma akwai miliyoyin da ba 'yan ƙasa ba ne, wasu da takardar zama ta halal, wasu babu, kuma dukansu ba su da ƙuri'a. A zaɓen 2024 waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a sun kai kimanin miliyan 36, wato da kaɗan suka haura rabin yawansu. Cikin waɗannan ma, ko a zaɓen shugaban ƙasa wajen rabi ne ke fitowa. Ƙari a kan haka, garuruwa da yawa suna yin zaɓen kansiloli da na hukumar makarantu a wata rana daban, a watan Mayu misali, a shekarar da ba a zaɓen shugaban ƙasa. A irin wannan rana masu fitowa su ne dattawa masu gidajen kansu, waɗanda suka daɗe a gari. Mai aikin gona ko kamfanin nama da ya fita tun asuba, sau da yawa bai ma san ana zaɓe ba.

Amma babban abin da ake kai ruwa rana a kansa a kotuna shi ne tsarin zaɓen kansa. Ki ɗauki ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma a wajenmu, kowace mazaɓa da kansilanta. Ki ce an soke mazaɓun, an ce duk kansiloli goman jama'ar ƙaramar hukumar gaba ɗaya za su zaɓe su. Idan ɓangare ɗaya yana da kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u kuma kansa a haɗe yake, ba kujera shida zai ɗauka ba, goman zai kwashe. Masu kashi 40 su tashi a tutar babu, wannan zaɓe da na gaba da na bayansa. Haka garuruwa da gundumomin makarantu da yawa a Amurka suke zaɓe.

Yakima, a jihar Washington, garin gonakin tuffa ne, kuma 'yan asalin Meksiko ne ke tsinkar 'ya'yan itacen. A ƙidayar 2010 sun kai kashi 41 cikin 100 na mutanen garin, amma ba a taɓa zaɓen ko ɗaya daga cikinsu a majalisar gari mai kujeru bakwai ba, don a babban zaɓe gari gaba ɗaya ke yanke hukunci a kan kowace kujera. An taɓa naɗa wata lauya 'yar Latino ta cike gurbi, da zaɓe ya zo a 2009 ta faɗi. Wanda ya fi ba da mamaki ya faru a hukumar makarantu a 2013: wata 'yar Latino da ke riƙe da kujera ta hanyar naɗi ta tsaya takara, abokiyar karawarta mai sunan Turawa ta sanar da cewa ta janye, ba ta yi kamfe ba, sai dai sunanta ya riga ya shiga takardar ƙuri'a. Wadda ta janyen ce ta ci. Idan aka ce sunan mutum kaɗai yana iya kayar da shi, to ga shi nan ƙiri-ƙiri.

Ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta shigar da ƙara a 2012, a ƙarƙashin dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965. Dokar ta samo asali ne daga gwagwarmayar baƙaƙen fata; a 1975 aka faɗaɗa ta ta haɗa da masu harsuna marasa rinjaye, a 1982 kuma aka gyara ta yadda mai ƙara ba sai ya tono muguwar niyya ba, sakamakon tsarin ya isa hujja. Kotun Ƙoli a 1986 ta gindaya abin da za a nuna: cewa mutanen suna da yawa kuma suna zaune a dunƙule har za su iya zama masu rinjaye a mazaɓa guda, cewa bakinsu yakan zo ɗaya a zaɓe, kuma masu rinjayen gari sukan haɗu su kayar da wanda suke so. A Agustan 2014 alƙalin tarayya Thomas Rice ya ce Yakima ta cika dukkan sharuɗɗan. Aka raba garin mazaɓu bakwai. A Nuwamban 2015 mata uku 'yan Latino suka shiga majalisa lokaci guda: Dulce Gutiérrez, Avina Gutiérrez da Carmen Méndez. Mutanen garin ba su sauya ba, yawansu bai ƙaru dare ɗaya ba. Layukan taswira ne kawai aka sake ja.

A Pasadena ta jihar Teksas, kusa da Houston, an ga akasin haka. Garin yana da mazaɓu takwas, kuma 'yan Latino na dab da samun rinjaye a majalisa. A watan Yunin 2013 Kotun Ƙoli ta karya sashen dokar da ke tilasta wa jihohi irin su Teksas neman izinin tarayya kafin su taɓa tsarin zaɓe. Ba a daɗe ba magajin garin, Johnny Isbell, ya kawo shawarar a mayar da mazaɓun shida, kujeru biyu kuma gari gaba ɗaya ya zaɓa. Shawarar ta wuce da ratar ƙuri'u 79. A Janairun 2017 alƙaliya Lee Rosenthal ta ce da gangan aka yi don a rage ƙarfin ƙuri'ar 'yan Latino, ta mayar da mazaɓu takwas.

Kalifoniya ta yi tata dokar, wadda aka sa wa hannu a 2002, ta sauƙaƙa wa masu ƙara, ta kuma ɗora kuɗin lauyoyinsu a kan garin da ya sha kaye. Modesto ta yi taurin kai ta biya dala miliyan 3, Palmdale ta biya miliyan 4.5. Tun daga nan ɗaruruwan garuruwa da gundumomin makarantu suka koma tsarin mazaɓu, da yawa tun daga wasiƙar gargaɗi ta lauya. Akwai kuma hanya ta uku, wadda aka bi a Port Chester ta jihar New York a 2010: ba a yanka gari ba, an ba kowane mai zaɓe ƙuri'a shida, yana iya rarraba su ko ya zuba su duka a kan mutum ɗaya. Da haka Luis Marino, haifaffen Peru, ya zama ɗan Latino na farko a majalisar garin.

Masu adawa da komawa tsarin mazaɓu ba duka ne masu wariya ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wasu maganganunsu. Suna cewa kansilan da gari gaba ɗaya ya zaɓa yana duba gari gaba ɗaya, na mazaɓa kuwa kwatar unguwarsa ce kaɗai a gabansa. Suna cewa shata iyaka bisa asali yana ƙara raba kan jama'a, yana kuma ɗaukar miliyoyin mutane kamar tunaninsu ɗaya. Wannan batu na ƙarshe ya yi ƙarfi a 'yan shekarun nan. 'Yan asalin Kyuba a Miami sun daɗe suna tare da jam'iyyar Republican, kuma a 2024 ƙaramar hukumar Starr da ke kan iyakar Teksas da Meksiko, wadda kusan kowa a cikinta ɗan Latino ne, ta zaɓi Donald Trump, abin da ɗan takarar Republican bai samu a can ba sama da shekara ɗari. Ni dai a ganina wannan bai rushe hujjar masu neman mazaɓu ba. Zaɓen kansila da na hukumar makarantu a yawancin garuruwa ba a ma rubuta jam'iyya a takardar ƙuri'a, abin da ake ja a kai shi ne fitilun titi, layin bas da rufin aji mai yoyo, kuma unguwar da ba ta da mai magana ita ce ake mantawa da ita, ko wa ta zaɓa a sama.

Sai dai kada a ɗauka kujera tana wanke mai ita. A Los Angeles, inda 'yan Latino suka kai kusan rabin jama'a amma a lokacin suke da kujeru huɗu cikin 15 a majalisar birni, wata murya da aka naɗa a ɓoye ta fito a Oktoban 2022. An ji shugabar majalisar, Nury Martinez, da wasu kansiloli biyu da wani shugaban ƙwadago suna ƙulla yadda za a yanka mazaɓu, ana kuma cin mutuncin ɗan wani kansila, yaro baƙar fata, da baƙi 'yan asalin Oaxaca ta Meksiko, waɗanda su ma 'yan Latino ne. Martinez ta sauka cikin 'yan kwanaki. A Yakima ma, zuwa farkon 2020 babu ko ɗaya cikin matan ukun da ta rage a majalisa, kuma ƙuri'un da ake jefawa a mazaɓun gabashin garin, inda 'yan Latino suka fi yawa, ba su kama ƙafar na yamma ba.

A makarantu, abin da masu bincike suka fi samu a fili shi ne cewa idan 'yan Latino sun ƙaru a hukuma, shugabannin makarantu 'yan Latino sukan ƙaru, bayansu malamai su biyo. Daga nan ne amfanin ke gangarowa zuwa aji, a hankali. Akwai kuma faɗan manhaja: Kalifoniya ta taƙaita koyarwa da harsuna biyu a 1998 ta dawo da ita a 2016, Arizona kuma ta yi doka a 2010 da ta kai ga rufe darasin tarihi da al'adun 'yan asalin Meksiko a makarantun Tucson, har sai da kotun tarayya ta ce a 2017 ƙiyayyar asali ce ta haifar da hakan.

Saura iyayen da ba 'yan ƙasa ba. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta ce dole a karɓi yaro a makarantar gwamnati ko iyayensa ba su da takardu, amma su iyayen ba su da bakin zaɓen masu kula da makarantar. San Francisco ta amince a 2016 su jefa ƙuri'a a zaɓen hukumar makarantu kaɗai. Da zaɓen farko ya zo a 2018, waɗanda suka yi rajista ba su kai ɗari ba, don takardar rajistar da kanta tana gargaɗin cewa jami'an shige da fice na iya samun suna da adireshin wanda ya cike ta. Birnin New York ya yi doka mai faɗi fiye da wannan a 2021, ta zaɓukan birni, babbar kotun jihar ta soke ta a 2025 tun ba a kai ga jefa ƙuri'a ko ɗaya da ita ba.