Kafin ka ciro firiyam ɗin jitar bas ɗin nan

Yarona, jiya muna rufe shago ka tambaye ni maganar jitar bas ɗin nan mai tsirkiya biyar, wadda makaɗin biki ya kawo daga unguwar Yelwa. Ka ce mai ita ya gaji da muryarta, wai ta dushe, yana so a cire firiyam ɗin ciki, wato ɗan allon lantarkin da ke gyara muryarta, a sa wani da za a aiko masa daga Duwala. Ka ce, "Maigida, in mun canja, muryar za ta canja kuwa?"

Za ta canja, amma ba kullum ta inda mai kaya yake zato ba. Shi ya sa na hana ka jona ƙarfen dalma jiya.

Tsirkiya ce ke rawa, fikof ɗin da ke ƙarƙashinta ya ɗauki rawar ya mayar da ita 'yar wutar lantarki. Daga nan ne firiyam, ɗan allon nan mai cin batir na bolt 9, yake karɓa ya ƙara wani sashe na muryar ko ya rage, ya kuma ba ta ƙarfin bin doguwar waya har amfilifaya ba tare da kaifinta ya zube a hanya ba. Abin da fikof bai ɗauko ba, firiyam ba shi da inda zai samo shi. Idan tsirkiya ta mutu, ko ka murɗa kaifi har ƙarshe, tsaki kawai za ka ƙara.

Saboda haka yau da safe ka fara da batir. Sa waya a bakin jak ɗin tukuna, wato ramin da ake soka wayar amfilifaya, sannan ka auna da mitar gwada wuta, domin batirin da ba ya ɗauke da kaya yana iya nuna lafiya alhali ya gaji. Sabo yakan ɗan haura 9. In ka ga ya sauko wajen 7, to ga dushewar nan, ga kuma karkarwar da ake ji in an bugi tsirkiya da ƙarfi. Ka duba bakin batirin ma. Zafin Garwa na watan Afrilu, da yake haura digiri 40, yana sa batir mai araha ya yi yoyo, farin gishirin nan ya cinye maƙalin.

Sai tsirkiya. Na shafa ta ƙasan da farce, baƙin datti ya fito, gumi ne da ƙurar hunturu suka cika tsakanin naɗin. Ka tambayi mai ita rabonsa da canjawa. Ka kuma danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jitar ka ga tazararta da fikof. Milimita biyu zuwa uku ake farawa da shi, kunne ya ƙarasa sauran. Fikof da ya nutse cikin katako yana ba da murya kamar daga cikin randa.

In duk wannan ya daidaita mutumin yana nan kan bakarsa, sai ka zaunar da shi ya buga maka, da amfilifayar da yake zuwa biki da ita. Wannan shi ne wurin da na fi so ka riƙe. Galibin masu cewa murya ta dushe suna neman ƙarin kauri ne a bakinsu, amma abin da suka rasa tsakiya ce, wato muryar da ke tsakanin kauri da kaifi. Tsirkiyar E tana kusa da haz 41 (haz shi ne yawan rawar tsirkiya a daƙiƙa ɗaya, ƙarancinsa ne ke sa murya zurfi), ta biyar ɗin, wato B, kusa da 31. Ƙananan lasifikokin da ake jerawa ƙarƙashin rumfa a filin biki da ƙyar suke fitar da wannan zurfin. Ya ƙara kauri, lasifika ta yi ta huci, ganga ta haɗiye shi, na bayan rumfa ba su ji komai ba. Abin da ke sa bas ya ratsa ganga da fiyano, irin tsallen nan da ake ji a kiɗan makosa na Kamaru, yana zaune ne a tsakiya. Nasa firiyam ɗin mamurɗi biyu gare shi, kauri da kaifi, tsarin da aka san jitar bas ta Music Man StingRay da shi tun 1976. Tsari ne mai kyau, ban raina shi ba, sai dai ba ya ba ka hannu a tsakiya. Firiyam mai mamurɗi uku, kamar Aguilar OBP-3, yana taɓa kauri a haz 40, tsakiya a 400 ko 800, kaifi a 6,500. Ga mai kiɗan fili, a ganina wannan zaɓin na tsakiya shi kaɗai ne dalilin da ya isa a kashe kuɗi a kai.

Kafin ya aika kuɗi Duwala, buɗe murfin baya ka auna ramin da firiyam yake zaune a ciki da ido da kuma ma'auni. Ramuka nawa ne a fuskar jitar? In huɗu ne kuma sabon yana son biyar, a nemi mamurɗi mai hawa biyu a kan sanda ɗaya. Ban yarda a huda katakon mutum ba sai da bakinsa. Ka duba irin fikof ɗin kuma: in ka ga jar waya ta tashi daga jikinsa zuwa batir, shi ma mai cin wuta ne, irin na kamfanin EMG, kuma waɗannan da mamurɗin 25k suke tafiya (lambar da ke nuna yadda mamurɗi ke tare wuta), na gargajiya kuwa 250k ko 500k. Maganar batir biyu, bolt 18, in ya kawo ta, ka gaya masa sarari take ƙarawa kada murya ta fashe in ya doki tsirkiya, kuma sai takardar firiyam ɗin ta amince.

Ranar aikin, ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa ko ɗaya, ka cire batir. Jak ɗin ƙafa uku gare shi. Baƙar wayar batir tana zuwa ƙafar da ake kira zobe ne, ta yadda sai an soka waya wuta ke tashi. Ina sabon hannu na taɓa haɗe ta kai tsaye da wayar ƙasa, wadda muke ce wa mas. Jita ta yi murya lafiya lau, mai ita ya tafi yana murna. Batir yana ta ci dare da rana a cikin jaka, ya mutu masa a tsakiyar kamun amarya. Har yau ina jin nauyin wannan ranar. Ka auna kowace ƙafa da mita kafin ka ɗiga dalma, kada ka dogara da ido.

Kada ka manta siririyar wayar da ta fito daga ƙarƙashin gadar tsirkiya, ita ma mas za ta. In ramin ba shi da rufi, lulluɓe shi da tef ɗin tagulla ka haɗa da mas, saboda ƙugin janareta da fitilun biki. Kada ka daɗe da ƙarfe a bayan mamurɗi, zafi yana lalata cikinsa. Tsohon allon kuma ka sa a leda ka miƙa wa mai shi, kayansa ne, wata rana yana iya so a mayar.

Ɗauko mita da sabon batir a durowar ƙasa, ka kira mutumin ya zo da amfilifayarsa bayan la'asar.