Wantan ɗin da ya ƙi yin ƙaras-ƙaras

'Yar'uwa, kin ce kin soya wantan irin na Sinawa, wato nama da ake ƙunshewa a siririyar fatar kwaɓin fulawa, amma ya fito laɓe-laɓe ya sha mai, kuma kina tambayar ko don kin sa kaza ne a madadin naman alade da kika gani a bidiyo.

Laifin ba na kazar ba ne. Gaskiya ne a kudancin Sin, wajen Guwandon da Hon Kon, alade da jatan lande suka fi sawa, amma ni da cinyar kaza nake yi. Cinya fa, ƙirji bushewa yake yi. Ki daddatsa ta sosai, ki haɗa da citta, lawashi, tafarnuwa, soya sos da ɗigon man riɗi.

Matsalarki zafin mai ne. Sai ya kai wajen digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Celsius. In ba ki da ma'auni, ki yago gefen fatar fulawar ki jefa: in ta taso nan take tana tsuwa, ya yi. Kada ki zuba fiye da biyar ko shida a lokaci guda, mai hucewa yake yi. Minti 2 zuwa 3 ya isa.

Ƙaramin cokali ɗaya na nama a kowanne, ki shafa ruwa a gefe, ki matse iskar kafin ki liƙe. Ranar farko na cika su dam kamar samosa, waje ya ƙone ciki ɗanye, har biyu suka fashe mai ya fallatsar mini a hannu.

In kin kwashe, ki baza su a kwandon waya, ban da rufewa a kula, tururi ne zai sake laushe su.