Shin Lissafin Newton Ya Riga Ya Yanke Abin da Zai Faru Gobe?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Malaminmu ya ce kafin zuwan kimiyyar kwantum, wato ta ƙananan ƙwayoyin zarra, fiziks ba ta san "wataƙila" ba: in ka san inda kowane abu yake da irin gudunsa, to abin da zai faru gobe yana hannunka. In haka ne, me ya sa masu hasashen yanayi sukan ce za a yi ruwa, a wayi gari ko ɗigo babu? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: 'Yata, malaminku bai ƙirƙiri maganar ba. Masanin lissafi Bafaranshe Laplace ne ya faɗe ta a 1814: da za a sami wani mai hankali da ya san wurin kowane abu da duk ƙarfin da ke aiki a kansa, to jiya da gobe duk a fili suke a wurinsa. Dokokin motsi da Newton ya buga a 1687 ya dogara da su.

Na ga ƙarfin wannan magana da idona. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ina tsakar gidan makaranta a Katsina tare da ɗalibaina, da hantsi, aka yi husufin rana, gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki. Masana sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin nan, ba su kuskure ba.

To amma abu ya zama lissafi ya tsayar da shi daban, a iya hango shi daban. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a Amurka, ya so maimaita wani lissafi a kwamfuta. Don ya rage wahala sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, amma da lissafin ya yi nisa sai ga yanayi biyu da ba su ko kama da juna. Ba dokar ce ta sauya ba, ƙaramin kuskuren awo ne ke ninka kansa. Shi ya sa hasashen ruwa in ya haura mako biyu ba a dogara da shi. Tun wajen 1890 Poincaré, wani masanin lissafi Bafaranshe, ya hango haka a tafiyar abubuwa uku masu jan juna a sararin samaniya.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wannan. A 2003 John Norton na Jami'ar Pittsburgh ya kawo misalin wani tudu mai santsi, kamar ƙwaryar da aka kife, sai dai lanƙwasarsa ta musamman ce. A ɗora ƙwallo a kan tsininsa, a bar ta tsaye cik. A kan ƙwarya zagayayya lissafin Newton amsa ɗaya yake bayarwa: ƙwallon za ta zauna har abada. A kan tudun Norton kuwa amsoshin ba su da iyaka. Tana iya zama, tana iya gangarowa bayan minti ɗaya ko bayan shekara, ta gabas ko ta yamma, ba wanda ya taɓa ta, kuma ba a karya dokar Newton ko ɗaya ba.

Wasu masana sun ce ba wanda zai iya sassaƙa irin wannan tudu, don haka a ajiye shi gefe. Ni ban gamsu ba. Da'awar Laplace a kan shi lissafin take, kuma a cikin lissafin aka sami ɓarakar. Ki zana tudun a takarda ki kai wa malaminku, ki tambaye shi a wane minti ƙwallon za ta gangaro.