An aiko mini takardar ƙarar gayya a kan kamfanin inshorar motata: in yi shiru?

Tambaya: Barka da aiki, Barista. Ina zaune a Bronx, birnin New York. Shekara uku da suka wuce motata ta yi hatsari, kamfanin inshora ya ce ba ta gyaruwa, ya biya ni kuɗin da na san bai kai darajarta ba. Yanzu ga wasiƙa wai ina cikin waɗanda suka kai kamfanin ƙara, alhali ban taɓa zuwa kotu ba. A majalisa an ce in yaga ta, kada a soke mini inshora ko ta taɓa takardun zamana. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka yaga takardar nan. Ba kai aka kai ƙara ba, kuma ba shari'ar laifi ba ce, don haka babu abin da ya haɗa ta da takardun zamanka. Dokar inshora ta New York ma ta ƙayyade dalilan da kamfani zai iya soke inshorar mota a tsakiyar wa'adi, irin su rashin biya, dakatar da lasisi ko zamba. Sunanka a jerin masu neman haƙƙi ba ya ciki.

Irin waɗannan ƙararraki kan lissafin darajar mota suke. Kamfani yana duba farashin motoci irin taka da dillalai suka tallata, sai manhajarsa ta zaftare wani kaso da hujjar cewa ai mai saye yakan yi ciniki. A ce an tallata motar dala 15,000, aka cire kashi 6 cikin ɗari: dala 900 sun tafi ba ka sani ba. Kai kaɗai ba za ka ɗauki lauya a kan dala 900 ba, shi ya sa ake haɗa dubban mutane a ƙara guda. A 2024 kamfanin Progressive ya amince ya biya dala miliyan 48 don sasanta irin wannan ƙara a New York, ba tare da ya amsa laifi ba. Wasu ƙararrakin kuma kan harajin saye da kuɗin rajista ne da ba a saka cikin diyya ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai an maimaita shi: wai idan ka yi shiru ba ruwanka. A wannan shari'a shiru amincewa ne. Ƙa'ida ta 23 ta kotunan tarayyar Amurka ta ce duk wanda ya dace da bayanin rukunin yana ciki, sai fa idan ya fita a rubuce. In an yi sulhu da kamfanin, ranar da alƙali ya amince da shi, ka yafe wa kamfanin haƙƙin sake kai shi ƙara a kan wannan batu, ko ka karanta wasiƙar ko ka kunna murhu da ita. Abin da ya fi ciwo, wasu sulhun ba sa biyan kowa sai wanda ya cike fom kafin wa'adi. Mai shiru ya yi biyu babu ke nan: haƙƙin ƙara ya tafi, kuɗi bai zo ba. Mutanen majalisar da suka ba ka shawara ba za su biya ka ko sisi ba, kuma yawancinsu ba su taɓa karanta irin takardar nan zuwa ƙarshe ba. In mutum bai sani ba, me ya hana shi cewa bai sani ba?

Fara da duba sunan kotu, lambar shari'a da ranakun wa'adi. Kira ofishin magatakardan kotun da lambar da ka nemo da kanka, ka tabbatar shari'ar tana nan. Sulhu na gaskiya ba ya neman ka biya komai, domin lauyoyin rukunin daga kuɗin sulhun ake sallamarsu da amincewar alƙali, galibi kwata zuwa sulusi. Duk mai cike takardu a unguwa da ya ce ka ba shi dala ɗari ya "fito maka da kuɗinka", ɗan damfara ne.

Daga nan ka zaɓa. In asararka 'yan ɗaruruwa ce, ka zauna ciki, ka duba ko sai an cike fom, ka gyara adireshinka in ka tashi, don cek ɗin yana da ranar mutuwa. In kana ganin sulhun bai yi adalci ba, kana iya rubuta wa alƙali ƙorafi kana ciki. In kuwa giɓin dubbai ne kuma kana da rahoton ƙimar motar da tallace-tallacen dillalai na lokacin, ka ga lauya kafin wa'adin fita, domin da ka fita wa'adin da doka ta ba ka na shigar da ƙararka zai ci gaba da tafiya. Wasiƙar fita ta ɗauki sunanka, sunan shari'ar da sa hannunka, ka riƙe rasiɗin gidan waya.

Sai kuma haƙuri, don kuɗin ba gobe ba ne. A 1999 wata kotu a Illinois ta yanke wa kamfanin inshora na State Farm biyan fiye da dala biliyan ɗaya kan kayan gyaran da ba na kamfanin mota ba, kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin a 2005, sai a 2018 aka sasanta wata ƙara da ta samo asali daga wannan a kan dala miliyan 250. Taka ta riga ta kai matakin sanarwa, amma in wani ya ɗaukaka ƙara a kan sulhun, biya zai tsaya har a gama.