Tambaya da Amsa: Jarome Iginla, Gwarzon da Kofin Stanley Ya Ƙi

A fitowar da ta gabata na ambaci sunan Jarome Iginla, tsohon ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, a layi ɗaya tak, cikin jerin 'yan wasan da iyayensu suka fito daga Afirka. Sai ga saƙonni suna ta shigowa a kansa. Na zaɓi guda huɗu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Sunan nan Iginla ya yi mini kama da na Yarbawa. Da gaske ɗan Najeriya ne ya yi fice a wasan hoki na kan ƙanƙara?

Amsa: 'Yar'uwa, kunnenki bai yaudare ki ba. Da Yarbanci sunan yana nufin babbar bishiya, kuma mahaifinsa ɗan Najeriya ne da ya tafi Kanada, mahaifiyarsa kuwa Ba'amurkiya ce. Har a cikin jerin sunayensa akwai Adekunle. Amma kada mu yi masa rigar da ba tasa ba: Jarome ɗan Kanada ne, can aka haife shi, a birnin Edmonton na lardin Alberta, ranar 1 ga Yuli 1977. Iyayensa sun rabu tun yana ɗan ƙarami, ya tashi a garin St. Albert a hannun mahaifiyarsa da kakanninsa.

Ya yi ƙuruciya a lokacin da ƙungiyar Edmonton Oilers ke tashe, kuma mai tsaron ragarta Grant Fuhr baƙar fata ne. Yaron ya ga mai kama da shi a filin da kusan kowa fari ne, har ya fara wasan a matsayin mai tsaron raga kafin ya koma gaba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan kin tuna cewa sai a 1958 baƙar fata na farko, Willie O'Ree, ya buga wasa a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, wadda zakaranta ke ɗaukar Kofin Stanley.

Tambaya: Ni fa ban san kan wasan ba. Na ga an rubuta ya samu maki 1,300. Mene ne maki, kuma wannan adadin mai yawa ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ga yadda abin yake a taƙaice. Fili ne na daskararriyar ƙanƙara, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum shida ne: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ce, wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, kuma daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Ana yin zango uku, minti ashirin-ashirin. Gudun da ake yi ya kai inda ɗan wasa ba ya cika wuce minti ɗaya a ciki, sai ya fita wani ya shiga ana cikin wasa.

Idan ka ci, kana da maki ɗaya. Idan kai ka miƙa wa wanda ya ci, nan ma maki ɗaya. Iginla ɗan gaba ne na gefen dama. Ya buga wasa 1,554 a NHL, ya ci 625, ya miƙa 675, shi ne ya ba da 1,300 cif. Don ka gane nauyin abin: a kakar wasa ta wasanni 82, wanda ya ci 30 an san ya yi aiki. Shi ya ci 30 ko fiye kaka goma sha ɗaya a jere. Sau biyu ya kai 50.

Kakarsa mafi kyau a idona ita ce ta 2001 zuwa 2002. Ya ci 52, ya tara maki 96, ya fi kowa a gasar a yawan ci da yawan maki, a lokacin da cin ya yi wuya saboda yadda ake riƙe 'yan gaba ana tare su. Shi ne baƙar fata na farko da ya ɗauki kambun Art Ross na wanda ya fi kowa maki. 'Yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara. Amma a zaɓen 'yan jarida na kambun Hart, wanda ake ba ɗan wasan da ya fi kowa amfani ga ƙungiyarsa, sai suka yi kunnen doki da José Théodore, mai tsaron ragar Montreal, aka ba Théodore saboda ya fi shi yawan ƙuri'un matsayi na ɗaya. Har yau wannan hukunci bai kwanta mini a rai ba.

Tambaya: Malam, mu faɗa wa juna gaskiya. Na duba na ga bai taɓa cin Kofin Stanley ba. Yaya za a kira mutum gwarzo alhali babban kofin bai taɓa shiga hannunsa ba?

Amsa: Gaskiyarka, bai taɓa ɗauka ba, kuma ba zan ɓoye maka cewa abin yana da ciwo ba. Amma bari in ba ka labarin yadda ya kusa, sai ka yi hukunci da kanka.

Ƙungiyar Dallas Stars ce ta zaɓe shi a 1995, na goma sha ɗaya a jerin matasan shekarar, bayan ya ci kofin Memorial sau biyu a jere da ƙungiyar matasa ta Kamloops Blazers. Bai buga wa Dallas ko wasa ɗaya ba, a watan Disambar shekarar suka ba Calgary Flames shi domin su karɓi Joe Nieuwendyk. A 1999 Dallas ta ci kofin, kuma Nieuwendyk ɗin nan shi aka zaɓa gwarzon wasannin kifa-ɗaya-ƙwala. Shi kuwa Iginla yana can Calgary, ƙungiyar da ta yi shekara bakwai a jere ba ta ko shiga zagayen neman kofin ba. Ka ga ke nan tun farko ƙaddara ta ajiye shi a inda kayan ya fi nauyi.

A 2003 aka naɗa shi kyaftin. A bazarar 2004 Calgary ta shiga zagayen a matsayi na shida a yankin yamma, ba wanda ya sa ta a lissafi. Ta fitar da Vancouver, ta fitar da Detroit, ta fitar da San Jose, dukansu ukun su ne suka jagoranci rukuninsu a kakar. Iginla ya ci 13 a wannan zagaye, ya fi kowa. Sai wasan ƙarshe da Tampa Bay, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi.

Akwai abu biyu da nake so ka nemi bidiyonsu ka gani da idonka. Na farko a wasa na uku ne, ya cire safar hannu suka dambace da Vincent Lecavalier, tauraron Tampa. A wasan hoki hukuncin dambe zaman minti biyar ne a gefe, kuma galibi akwai ƙarti da aka ajiye don wannan aiki. Manyan taurari ba su cika yi da kansu ba, balle a wasan ƙarshe. Shi ya yi. Na biyun a wasa na biyar ne, an shiga ƙarin lokaci. Hular kwanonsa ta faɗi ana cikin kokawa a jikin katanga, bai fita ba, ya ci gaba da kai a buɗe, ya daɗe a ciki fiye da yadda aka saba, ya sake samun faifan ya ɗirka shi raga. Mai tsaron raga ya tare, faifan ya dawo, Oleg Saprykin ya tura shi ciki. Calgary ta koma gida tana da uku, Tampa biyu. Saura wasa ɗaya.

A wasa na shida, a gidansu, ana kunnen doki a zango na uku, faifan ya bugi takalmin Martin Gélinas na Calgary ya nufi raga, mai tsaron ragar Tampa Nikolai Khabibulin ya kore shi da ƙafa. Wani hoton talabijin ya nuna kamar ya tsallake layi. Ba a ba da cin ba, kuma mutanen Calgary har gobe suna cewa ya shiga. Martin St. Louis ya ci wa Tampa a ƙarin lokaci na biyu. A wasa na bakwai Tampa ta ci 2 da 1. Kakar da ta biyo baya kuma aka soke ta gaba ɗaya saboda rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, Iginla yana da shekara 27, yana kan ganiyarsa.

Daga baya ya bi kofin inda yake zaton zai same shi. A 2013 ya yarda aka mayar da shi Pittsburgh, ya fifita ta a kan Boston, sai Boston ɗin ta fitar da su huɗu da nema. Ya koma Boston, suka fi kowa maki a kakar, Montreal ta fitar da su a zagaye na biyu. Ya yi Colorado, ya ƙare a Los Angeles a 2017, ya sanar da ritaya a Yulin 2018.

To ɗan'uwa, kofin nan na ƙungiya ne, kuma ɗan gaba komai ƙwarewarsa kusan kashi ɗaya cikin uku na wasan yake yi a kan ƙanƙara, sauran yana zaune yana kallo. Akwai 'yan wasa da yawa da aka zana sunansu a jikin kofin waɗanda ba su ci rabin abin da ya ci ba. Masu zaɓen zauren karrama gwarazan hoki da ke Toronto sun shigar da shi a 2020, shekarar farko da ya cancanta. Calgary kuma ta jingine lambarsa 12 a Maris 2019, ba mai sake saka ta. Har yanzu shi ke riƙe da tarihin ƙungiyar a yawan wasanni, 1,219, da yawan ci, 525, da yawan maki, 1,095. Ni a wurina gwarzo ne, ba tare da wata inda-inda ba. Ina ƙarawa da wani abu da ba ya shiga lissafin maki: daga shekarar 2000 duk cin da ya yi yana ba da dala 1,000 ga asusun KidSport mai biya wa yaran marasa hali kuɗin shiga wasanni, daga baya ya ninka zuwa dala 2,000.

Tambaya: Idan abu ɗaya za ka nuna wa wanda bai san shi ba, wanne ne?

Amsa: Da wuya, domin yana da zinaren Olamfik biyu. A 2002 a Salt Lake City ya ci biyu a wasan ƙarshe da Kanada ta doke Amurka 5 da 2, bayan ta yi shekara 50 ba ta ga wannan zinaren ba. Duk da haka na 2010 zan nuna, inda ba shi ya ci ba.

Ranar 28 ga Fabrairu ne a Vancouver, da Amurka kuma. Kanada tana gaba 2 da 1, saura daƙiƙa ashirin da 'yan kai a tashi Amurka ta farke. Aka shiga ƙarin lokaci, wanda ya fara ci shi ke da zinare. Sidney Crosby na Kanada ya kutsa aka tare shi, faifan ya tafi jikin katanga, ya tura wa Iginla ya juya ya nufi raga. Iginla yana manne da katanga, ɗan bayan Amurka Ryan Suter ya danne shi ta baya yana neman kai shi ƙasa. Crosby ya ƙwala masa kira da laƙabinsa, "Iggy!", kuma idan ka ƙara sautin bidiyon za ka ji. Yana kan faɗuwa ya zura faifan daidai bakin sandar Crosby, shi kuma ya buga ta tsakanin ƙafafun mai tsaron ragar Amurka Ryan Miller. Na kalli wannan wuri ban san adadi ba, kuma kullum idona a kan mai lamba 12 yake, yana miƙewa daga kan ƙanƙara filin ya riga ya ɓarke da ihu.