Ina rage ƙiba kayana duk sun min yawa, kuma ba halin sayen sabbi, ya zan yi?

Tambaya:

Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata huɗu kenan da na fara rage ƙiba, na sauko daga kilo 97 zuwa 86, burina in kai 72 in Allah ya yarda. Matsalar yanzu kayana ne, siket sai ya dinga juyawa a ƙuguna ina tafiya, wandunan jins ɗina guda biyu sai na tallafe da hannu, rigunan zuwa aiki kuwa kamar na aro. Ba ni da halin sayen sabbi duk wata. In kwashe su duka in kai wa tela ne ya rage, ko in bayar in sayi ƙanana tun yanzu? Sannan akwai bikin ƙanwata nan da wata huɗu, in ɗinka kayan a girman da nake sa ran kaiwa?

Amsa:

Wa alaikumussalam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, kilo 11 a wata huɗu ba ƙaramin aiki ba ne. Na daɗe a kan keke ina gyaran kayan mutane, kuma duk wadda ta shigo min da ƙullin kaya irin naki magana ɗaya nake fara gaya mata: kar ki kawo su duka, kuma kar ki bari almakashi ya taɓa ko ɗaya yanzu.

Bari mu yi lissafi tukuna. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka da likitoci da yawa suna cewa saukar da ta fi ɗorewa ita ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, ke ma kusan a nan kike tafiya. Saura miki kilo 14, wato ko ba a samu tsaiko ba akwai sati 14 zuwa 28 a gabanki, kuma tsaiko sai an samu, jiki yakan yi sati biyu uku sikeli ya ƙi motsi. A kayan kanti tazarar da ke tsakanin saiz da mai bi masa yawanci wajen inci 2 ce, santimita 5 kenan, a ƙirji da ƙugu. Kin ga kenan akwai wasu saiz da za ki ratsa ki wuce, ba zama za ki yi a cikinsu ba. In kika rage kaya ashirin yau, nan da sati takwas ashirin ɗin za su sake yi miki yawa, kin biya tela sau biyu kenan, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ki zaɓi abin da kike sawa da gaske a sati, siket ko wando uku, riga biyar ko shida, doguwar riga ɗaya ta fita, su kaɗai za mu dinga bi da gyara. Sauran a ninke a ajiye sai jiki ya tsaya.

Kuma ki sayi tef ɗin awo, don mu teloli sikeli ba ya gaya mana komai. Wata cikinta ne ke fara sauka, wata ƙirji, wata kuma fuska da wuya za su zabge amma cinya na nan daram har ƙarshe. Duk sati biyu da safe kafin ki ci komai ki auna ƙirji, ƙasan ƙirji, ƙugu, mazaunai da cinya ki rubuta. Ranar da ƙugu ya sauka inci 2 daga awon da aka yi miki gyara na ƙarshe, ranar ce ta komawa wajen tela, ƙasa da haka bel ya isa. Lambar da ke jikin riga kuwa kar ta ɗaga miki hankali ko ta ruɗe ki, Amurka ta taɓa fitar da ma'aunin saiz na kayan mata a 1958, a 1983 ta janye shi, tun daga nan kowane kamfani nasa yake yi, shi ya sa 14 ɗin wani shi ne 12 ɗin wani.

Toh wanne zai gyaru wanne ba zai gyaru ba? Kafaɗa za ki duba. Ki sa rigar ki tsaya gaban madubi, ki ga inda ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya zauna. In yana kan ƙashin kafaɗa ko ya ɗan zame kaɗan, wannan rigar tana da sauran kwana, gefe kawai za a matse a sa dat biyu a baya, wato 'yar tattarar da ake ɗinkewa don riga ta kama jiki, shikenan. In kuwa ya gangaro kan damtse sosai, hammata ta sauko ana hango rigar mama, gaskiya ki haƙura da ita, don gyaran kafaɗa sai an cire hannu gaba ɗaya, wani lokaci har da kwala, a sake yanka ramin hannun a mayar, aikin ya kusa kai na sabon ɗinki kuma ba kowane tela ke fitar da shi da kyau ba. Kwat ta fi kowa wannan matsala saboda soson kafaɗa da shafin ciki. Ni kwat in ta wuce saiz ɗaya zuwa biyu ba na karɓa, nakan ce a sayar.

Masu sauƙi su ne siket, doguwar riga mara shafi, da wandon yadi wanda ke da ɗinki a tsakiyar baya har cikin ƙugu, wannan an yi shi ne dama don a dinga ragewa. Ga wani lissafi da mata ke kuskurewa in za su gyara da kansu a gida. Kowane ɗinkin gefe yadi biyu ya haɗa, gaba da baya, gefen kuma biyu ne. In kina son rage inci 2 a zagaye, rabin inci kacal za ki shiga a kowane gefe. In kika shiga inci ɗaya-ɗaya kin cinye inci 4, rigar ba za ta wuce ƙirji ba. Ki juya ta bai, ki sa a jiki, wata ta kama miki da fil, ki zauna ki ɗaga hannu ki sunkuya kafin a ɗinka.

Jins kuwa ɗan rigima ne. Ta tsakiyar baya ake rage shi, sai an ɓalle madaurin bel na tsakiya an farke ƙugun, kuma in aka wuce inci 2 aljihunan baya sai su matso su kusa haɗewa, duk wanda ya kalle ki ta baya ya san an yi aiki. Tunda ke ratsawa kike yi, ga dabara mai arha: ƙugun jins ninki biyu ne, cikinsa rami ne. Ta ciki ki ɗan tsaga ƙofa biyu, ɗaya kusa da kowane gefe, layin ciki kaɗai kar ki huda na waje, ki zura roba mai faɗi da fil ta bi bayan, ki ja daidai yadda ya kama ki, ki ɗinke bakinta. In kika samu irin robar nan mai ramukan maɓalli da ake sa wa wandon yara ma ya fi, duk sanda kika ƙara sauka sai ki matsa rami ɗaya, ba sai kin nemi kowa ba. In madaurin tsakiya ya toshe hanyar, sai ki yi roba biyu gajeru, dama da hagu. Amma in hantsar wandon ta sauko tana lilo tsakanin cinyoyi, roba ba ta maganin wannan, lokacin rabuwa ya yi.

Na dawo kan maganar almakashi don ita ce babba a wajena. Tela in ya matse gefe, hannunsa na ƙaiƙayin ya datse rarar yadin ya bi da ofalok, wato ɗinkin da ke kama bakin yadi, don ciki ya yi tsaf. Ki ce masa a'a, ya ninke ya goge ya bar miki ita a ciki, kuma ya yi ɗinkin da dogon taku yadda zai farku da sauƙi. Ba fata nake miki ba wallahi, amma binciken da aka yi a kan masu rage ƙiba ya nuna da yawansu wani abu yakan dawo bayan shekara ɗaya ko biyu, ga juna biyu, ga magani, ga lokacin da rayuwa ta yi zafi mutum ya daina motsa jiki. Kilo uku kaɗai suka dawo rigar da aka datse ta tashi aiki, wadda aka ninke kuwa minti goma ne a farke ta koma yadda take. Sai dai fata da yadi mai santsi irin satin, su ramin allura ba ya ɓacewa a jikinsu, irin waɗannan kar a taɓa su sam sai ƙarshe. In kika kai inda kike so kika zauna a nan wata uku zuwa shida awo bai canza ba, to sannan a yanka.

Bel ki huda masa sabon rami, tazarar ramukan inci ɗaya ce. In jelar ta yi tsawo da yawa ta wajen kan ƙarfen ake yankewa a mayar, ba ta jela ba.

Inda zan ce ki fitar da kuɗi ba tare da jin ciwo ba shi ne rigar mama. Mata na barin ta ƙarshe alhali ita ke sa duk rigar da aka ɗora a kai ta zauna ko ta lalace, kuma mafi yawan ɗaukar nauyin madaurin ƙasa ne ke yi, ba igiyar kafaɗa ba. In bayanta na hawa sama ko kin kai ƙugiya ta ƙarshe har yanzu tana yawo, ta yi yawa. Ki lura harafin kofi, wato mazaunin mama, yana tafiya ne da lambar madauri, kofin 38C girmansa ɗaya da na 36D, to in ƙasan ƙirji ne kaɗai ya sauka ki sauko lamba ki hau harafi. Ki sayi wadda ta kama ki a ƙugiyar farko ta waje, sai ki dinga shiga ciki a hankali. Guda biyu sun isa kowane zango.

In sayen ya zama dole, ki sayi abin da ya yi miki yau, gwanjo ma ba laifi tunda wata biyu uku za ki sa. Ki nemi mai zariya, mai roba a ƙugu, siket ko riga mai naɗewa a ɗaure, da yadi mai ɗan miƙewa. Maganar sayen ƙanana a ajiye kuma ban goyi baya ba, ba ki san inda jikinki zai tsaya ba, ba ki san fasalin da zai ɗauka ba, na ga wadda ta kai kilon da take so cif amma wandon da ta ajiye ya ƙi wuce cinya ƙugun kuma ya yi mata yawa. Manyan da kafaɗa ta kayar, masu kyan ki sayar tun suna da daraja kuɗin ya tafi gyara, ki bar kala biyu na saiz ɗaya sama da ke.

Tunda kayan sun zama kaɗan za su sha wanki, nan ne suke mutuwa. Zaren da ke sa yadi miƙewa, elastane ko Lycra, wanda Joseph Shivers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1958, zafi da bilic ne ajalinsa, in ya saki ba ya komawa, sai ki ga gwiwar wando ta yi jaka ki ɗauka ramewa kika ƙara. Ruwan sanyi, in inji ne kar ya wuce digiri 30, a juya bai, a ja zif, shanya a inuwa, dutsen guga kar ya yi zafi sosai. Suwaita da kayan saƙa a ninke, hanga na ja musu kafaɗa. Kar ki sa wando ɗaya kwana biyu a jere, robar na son hutu. Tsakanin cinya kuma ki dinga ɗaga shi a haske, da kin ga ya fara sirancewa a sa ƙyalle ta ciki a bi da keke tun bai huje ba, bayan ya huje facin ba ya ɓoyuwa.

Sai bikin ƙanwarki. A'a, kar ki ɗinka a girman da kike fata. Na taɓa biye wa wata na yi mata haka, ta rantse min za ta sauka inci 4, ta sauka 2, ana gobe biki muna neman ƙyallen da za mu ƙara a gefe kuma kalar ba ta zo ɗaya ba, tun ranar na daina. Ragewa yawanci tana yiwuwa, ƙarawa kuwa iyakarta rarar da aka bari a ciki, wadda a ƙa'ida santimita ɗaya da rabi ce, kayan kanti ma sau da yawa ba ta kai haka. Ki sayi yadinki yanzu in kina tsoron ya ƙare, ki kama layi wajen telanki tun yanzu, amma awo sai saura sati uku ko huɗu. Ya yanka a awon ranar, ya bar inci ɗaya a kowane gefe, ki koma gwaji saura sati ɗaya da rigar maman da takalmin da za ki sa ranar. In ɗinkin zai karɓi igiya a baya maimakon zif ki zaɓi igiya, tana ɗaukar bambancin inci biyu ko uku ba wanda zai gane, kuma bayan biki za ki ci gaba da sa ta kina ƙara ja.