Kwale-kwale na tangal-tangal idan an miƙe tsaye

Ka tambaya me ya sa kwale-kwale ke neman kifewa da zarar mutum ya miƙe tsaye, alhali nauyin da ke ciki bai ƙaru ba. Dalili shi ne tsakiyar nauyin, wato wurin da za a ce nauyin jirgi da na abin da ke cikinsa ya tattaru, ta hau sama. Ruwa yana tura jirgi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da jirgin ya ture daga wurinsa, kusan kilo 1 ga kowace lita 1, wannan ne ke hana shi nutsewa. Idan ya karkata dama, gefen dama ya ƙara shiga ruwa, turin ya koma can ya maido shi daidai. Amma in nauyi yana sama, karkata kaɗan ta isa ta kai shi gefe fiye da inda turin ya kai, sai ya ci gaba da juyawa. Haka ta faru da jirgin yaƙin Vasa a Stockholm, babban birnin Sweden, a 1628, samansa ya yi nauyi, iska ta kwantar da shi a fitarsa ta farko.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ruwan da ya taru a cikin jirgi. Na sha gani, da an karkata sai ya gangara gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. Don Allah ka kwashe shi kafin ku tashi, ka sa kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya ka ɗaure su, kowa kuma ya zauna.